Ƙarfen Bakin Sanda

Ko sallama ba su yi ba. Ina leƙe ta labule 'yan hisba suka faɗo shagon maigidana a unguwar Tandabawi ta Makka, suka tattake faya-fayan garmaho, suka farfasa molayen da yake sayarwa. Babbansu ya danne masa hannun hagu a tebur, ya yi ta dukan yatsun da sanda har ƙarfen bakinta ya fice.

“Gobe ma ka yi kiɗa a Makka,” in ji shi.

Yatsun suka warke a karkace, ba sa iya danna tsirkiya. Sai ya kwantar da jita a cinya, yana jan wani guntun ƙarfe a kanta. Sautin kamar kukan uwa daga nesa. Mutanenmu sukan cika ɗakin, kowa yana hawayen garinsu.

Da ya rasu, mai sandar ya zo ta'aziyya. Ta bayan labule ya ce, “Hajiya, ki yafe. Ni ma nakan laɓe jikin tagarku in saurara. Wane irin ƙarfe ne yake kuka haka?”

Na miƙa masa.

“Naka ne, ya Shaikh. Gwada shi a bakin sandarka.”