Babbar Rigar Masuncin Yawuri

Tunda ka ce gobe za ka kama hanyar garin da ba ka taɓa zuwa ba, gyara zama in ba ka misali. An yi wani masunci a Yawuri, gwanin ruwa na gaske, irin wanda in kwalekwale ya kife a kogin Kwara shi ake fara kira. 'Yarsa ta yi aure can bakin teku, gidan wasu Hausawa da suka daɗe a kurmi. Da ta haihu, shi da matarsa suka tafi ganin jika. Ya ɗinka babbar riga fara, ya sayi hula sabuwa, don bai yarda surukai su ga makusa a jikinsa ba. Mutum ne mai kunyar surukai ƙwarai, ko hula ba ya cirewa a gabansu.

Surukan suka ce baƙo ba zai koma bai ga tsibirinsu ba. Tsibirin yana cikin gandun daji na gwamnati, ba gida ba kasuwa, sai ma'aikacin gandu da tsuntsaye. Suka shiga jirgi mai inji da kulolin abinci, suka yi ta tafiya har gari ya ɓace. Da suka sauka, masunci ya riƙe baki. Ga rairayi fari tas kamar garin tuwo, ga itatuwan kwakwa, ga wani dutse ya miƙa hanci cikin teku. Amma abin da ya ba shi dariya shi ne aikin mutanen. Ruwa yana can nesa, su kuwa sai nishi suke suna jan jirgi har gindin kwakwa. Takalma da jakunkuna ma a reshe suka rataye su. Ya ce a ransa, waɗannan a bakin ruwa aka haife su, amma tsoronsa suke kamar kaji.

Ruwa ya yi masa kyau, jikinsa ya fara tsuma. Ya zaga bayan wani ƙaton dutse inda mata ba za su gan shi ba, ya tuɓe, ya rage daga shi sai gajeren wando. Ya ninke riga da wando da hula a kan rairayi, ya danne da dutse. Mijin 'yarsa ya biyo shi, kansa a sunkuye, ya ce, "Baba, da an kai kayan nan sama." Masunci ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba nake cikin ruwa. Ruwa ba ya tasowa sai damina ta yi nisa." Kunya ta hana mijin ƙara magana, ya koma.

Masunci ya faɗa ruwa, kuma gaskiya ya more. Ya zagaya hancin dutsen da iyo, ya ga kunkuru mai girman faifai yana tafiya a ƙarƙashinsa, ya ga kifaye masu launin da bai taɓa gani a kogi ba, ya leƙa wani kogo da ruwa ke shiga yana gurnani. Daɗi ya ɗauke shi har ya manta da rana. Abin da bai sani ba shi ne teku ba ta jiran damina, kullum sai ta ja da baya ta kuma dawo. Da ya juyo, rairayin da ya bar kayansa babu shi, ƙaton dutsen nan ma ruwa ya kai masa wuya. Can nesa ya hango hularsa tana rawa a kan igiyar ruwa.

To, ga surukai a gindin kwakwa sun shimfiɗa tabarma, mazansu da matansu, suna ɗaga masa hannu: "Bismillah, Malam, abinci zai huce!" Ya durƙusa a ruwa, kai kaɗai a waje, ya ce, "Ku ci, ruwan ne da daɗi." Ruwa kuwa sai ƙara turo shi yake wajensu. Yatsunsa suka yamutse, haƙoransa suka fara haɗuwa, ga azahar ta yi. Ya gwammace kifi ya cinye shi da ya fito haka a gaban uwar mijin 'yarsa.

Tsohon gidan, uban mijin, ya dubi ruwa ya dubi baƙonsa, ya gane. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce wa ma'aikacin gandu ya kai kowa bayan tsibiri su ga inda kunkuru ke ƙwai. Ya karɓi zanen da matar masuncin ta zo da shi na canji, ya rataye a reshe, ya juya baya yana kallon sama. Haka gwanin Yawuri ya koma gari, ɗaure da zani mai furanni, sama kuma rigar ruwa ta mai jirgi, a zaune tsakiyar surukai. Kowa ya kafa ido a teku, ba mai kallon kowa. Matarsa ce ta kasa, ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Da ya ga haka shi ma ya fashe da dariya, jirgi duka ya ɗauka. Ya share hawaye ya ce wa mijin 'yarsa, "Gobe in ka ga zan yi wauta, ajiye kunya ka riƙe min hannu."

Saboda haka in ka isa, ka ga mutane suna wani abu da ya yi maka kama da shirme, kada ka yi saurin dariya. Hausawa sun ce, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura.