Farin Kayan Sista Tabawa

Shekara biyu ke nan da aka fara yi wa ma'aikatan jinya allurar hana barci, don su riƙa haɗa aikin dare da na rana. Rabon Sista Tabawa da runtsawa tun watan Rajab. Ba ta gajiya, sai yunwa, ga jiki kullum ƙaruwa yake.

Ran Talata ta kai wa Malam Ɗanjuma tela farin kayanta ya buɗa mata ƙugu.

"Ke ce ta bakwai a makon nan," ya ce yana awo. "Kuma dukanku sai kun kare baki da hannu kafin ku yi magana."

Ta sauke hannunta daga baki. Tun safe dasashinta ke jini, ta taɓa haƙorin gaba da harshe ta ji ya motsa.

Ta nuna wasu fararen kaya da ke rataye. "Baba, waɗancan fa?"

"Na abokan aikinki ne. Tun kafin azumi na gama su, ba wadda ta dawo." Ya jawo mata kujera. "Zauna, 'yata, in ɗinka miki yanzu ki tafi da abinki."