Mai Rufe Ƙofa

Ƙararrawa na kaɗawa, hannunta na kan ƙofar makaranta, sai ta hango ƙanwarta tafe a guje, jaka na dukan bayanta.

Dokar makarantar ba sani ba sabo: duk wanda ya makara zai durƙusa a waje kan tsakuwa har a fito hutu. Ɗalibai sun tsani dokar, sun kuma tsani shugabarsu mai rufe ƙofa. Ita ce shugabar, kuma ko ɗan malamin lissafi ba ta taɓa ɗaga wa ƙafa ba.

Sai dai ta san abin da ya tsayar da yarinyar. Tun da mahaifiyarsu ta karye a ƙafa, su biyun suke karɓa-karɓa wajen yi mata wanka da safe. Yau ranarta ce, amma ƙanwar ta ce, "Tafi ki buɗe musu, Yaya, ni zan yi."

"Rufe mana!" in ji malamin horo daga bayanta.

"Yau za mu ga adalci," wani ɗalibi ya ce, aka kwashe da dariya.

Ta taka zuwa waje, ta jawo ƙofar, ta datse kwaɗo, sannan ta miƙa wa malamin makullin ta tsakanin ƙarafa.

"Malam, lattin nan nawa ne, ɗaukar mini kawai ta yi."

Dariya ta ɗauke. Ta tattare siket ɗinta, ta dubi ƙanwarta da ke durƙushe kan tsakuwa tana haki.

"Matsa mini, Auta."