Ma'anar ZOFADA

Zuweira na sabunta littafin jagorar manhajar da ƙungiyarsu ta Yendi ke tsara rahotanni da ita. Sabuwar ƙa'ida ta ce duk taƙaitaccen suna sai an rubuta cikakkensa a ambaton farko. Ta warware talatin, sai ta cije a kan sunan ƙungiyar kanta, ZOFADA.

Ta tambayi Shugaba Fadlullah, mai shekara tara bisa kujera. Ya gyara hula. "Akwai ci gaba a ciki, tabbas."

Ga shi gobe masu tallafi za su karɓi rahoto. Dole ta kira Alhaji Hudu na Bawku, wanda ya kafa ƙungiyar.

"Baba, me ZOFADA ke nufi?"

"Ina na sani, 'yata? Tsohon allo muka saya wajen wani mai walda a Salaga. Da rubutunsa ya zo."