Jar Jitar Mai Gyaran Rediyo

Ka ce za ka kai tsohuwar jitar babanka a sabunta maka ita. Ban hana ka ba, kayanka ne, amma zauna ka ji wannan tukuna.

A zamanin da faifan garmaho ke tashe, an yi wani mai gyaran rediyo a wani gari na bakin layin dogo. Yana da jita ta lantarki, ja wur, wadda ya saya a hannun wani makaɗi mutumin Gana da zai koma gida. Duk garin ita kaɗai ce. Shi kuwa mai ita, in gaskiya za a faɗa, kiɗansa bai taka kara ya karya ba. Kunne gare shi, yatsu babu. Saboda haka jitar ta fi kwana a gidajen abokansa fiye da nasa. Yau wani direba ya ɗauka ana bikin ƙanensa, gobe malamin makaranta ya aiko, jibi tela ya zo da kansa. Ba ya hanawa, amma fa sai ya yi mita, yana miƙawa yana gargaɗi har bakin ƙofa. Kuma ba ta taɓa dawowa yadda ta tafi ba. Direban nan in kiɗa ya yi daɗi sai ya soke sigarinsa tsakanin tsirkiyoyi a can saman kanta ya manta, har wurin ya ƙone baƙi ƙirin. Malamin makaranta ya taɓa yar da ita daga bayan akori-kura, gefenta ya ɓantare. Amma wanda ya fi kowa yi mata illa shi ne tela, don shi ya fi kowa iya ta. Bai taɓa mallakar tasa ba, sai dai in ya rungume wannan, masu tallan ƙosai ma mantawa suke da ciniki. Babban yatsansa ya yi ta gugar bayan wuyanta har fenti ya tafi, itace ya fito, wurin ya yi ɗan kwari daidai yatsan. Mai jita ya duba ya yi tsaki, ya ce sun mayar masa da kaya turmin unguwa. Kashegari kuma ya sake bayarwa. Kai, an yi zamani! Ni kaina in na tuna yammacin nan, da batirin mota da lasifika ɗaya a gindin mangwaro, sai in ji idona ya ciko.

Kwanci tashi, kiɗan ya kau, mutanen ma suka kau. Direba ya rasu, malamin makaranta ya bi shi, tela ya koma garinsu wajen 'ya'yansa, jita ta hau ƙusa a bango. Ana nan sai 'yar telan ta bugo waya, ta ce tsufa ya taɓa babanta, ba ya gane kowa, har ita da ke ba shi abinci sai ya tambaye ta ko 'yar wane ce. Amma kullum yana cigiyar jar jita, yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa. Za su kawo shi, ko Allah zai sa in ya riƙe ta ya dawo hayyacinsa, ko da na ɗan lokaci ne. Mai gyaran rediyo ya yi murna har da hawaye. Ba abin da yake so a duniya kamar abokin nan ya dube shi ya kira sunansa, don shi kaɗai ya rage masa. Ya sauko da jitar, ya juya ta, ya ga ƙuna, ya ga ɓantare, sai kunya ta kama shi. Wannan kwarababbiyar zai miƙa wa babban baƙo? Ka dai san halinmu, in baƙo zai zo ko ɗaki sai an yi masa shafe. Ya naɗe ta a zane ya kai wa mai fentin mota. Shi kuwa gwanin aikinsa ne, ba shi da laifi, abin da aka sa shi ya yi: ya kankare ƙunar, ya cike ɓantaren, ya cike kwarin wuyan, ya fesa jan fenti. Ta fito tana sheƙi, kana ganin fuskarka a jikinta.

Ranar da suka zo, aka zaunar da tela a kan tabarma a zaure. Bai gane mai gida ba, gaisuwar baƙo ya yi masa. Aka ɗora masa jita a cinya. Hannunsa na hagu ya tafi bayan wuyanta da kansa, babban yatsa ya yi ta lalube sama da ƙasa yana neman mazauninsa, bai samu ba. Ya shafa kanta, ya shafa gefenta, ko'ina sumul. Sai ya ɗago ta da hannu biyu, cikin ladabi, ya miƙa wa abokinsa, ya ce, "Malam, karɓi kayanka. Sabuwa ce, kada in ɓata maka. Tamu tana wajen wani abokina, shi ba ya hana ni." Mai jita ya yi ta rantsuwa ita ce, shi ne abokin, amma tela murmushi kawai yake yi masa, irin wanda ake yi wa baƙo mai yawan magana. Da la'asar suka tafi ba a kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba, kuma bai sake dawowa ba.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.