Ranar da Ba a Busa Usur Ba

Noreen ta kashe motar a bayan wani kantin magani a Toledo, ta naɗe bakinta da mayafin sanyi. Dusar ƙanƙara na rufe gilashin gaba, ita kuwa ko a jikinta. Ta ɗauko wayarta, ta ɓoye lambarta, ta buga.

Maganar da za ta yi ta haddace ta tsaf, don da ita aka damfare ta a watan jiya. Wata mai zaƙin murya ce ta kira ta, wai za a rage mata kuɗin ruwan da ke kan katin bashinta, ta dai karanto lambobin kawai. Ta karanto. Washegari katin ya cika maƙil da sayayyar da ba ita ta yi ba. Yanzu mai gidan da take haya ya ce ko kuɗin haya kafin ƙarshen wata, ko ita da ƙaramar 'yarta su kwashe komatsansu. Kuka ma ta yi har ya ƙare, abin da ya rage mata sai wani irin mutuwar jiki.

Aka ɗauka. Muryar tsoho ce, ana jin talabijin a bayansa.

"Barka da rana, da Leonard Pruszynski nake magana?" Sunan ya fita daidai, abin da masu kiran waya ba su taɓa iyawa ba. "Daga ofishin rage kuɗin ruwa ne, ranka ya daɗe. Mun ga bashin asibiti ya yi wa katinka nauyi."

Tana gama faɗa ta janye wayar daga kunnenta.

Duk unguwarsu an san Leonard. Tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne, kuma usur ɗinsa na rataye jikin wayar kicin. Ɗan damfara na buɗe baki zai busa masa shi har sai kunnensa ya yi ƙara. Shi ne mai tare mutane a ƙofar coci yana musu wa'azi: banki ba ya kiranka ya nemi lambar da shi ya ba ka, ka kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka. Tun rasuwar matarsa yake biyan bashin jinyarta kaɗan-kaɗan, kuma sisinsa bai taɓa shiga hannun ɓarawo ba.

Usur bai tashi ba. Sai ma aka rage ƙarar talabijin.

"To, ina ji," in ji shi. "Bari in lalubo tabarau."

Ta ji jan silifas ɗinsa, ta ji aljihun teburin nan mai cijewa ya buɗe da ƙyar. Ya dawo ya karanto lambobin gaban katin a hankali, yana tsayawa don ta rubuta. Ta rubuta a tafin hannunta.

"Saura ukun da ke baya, ranka ya daɗe."

Waɗannan ukun su ne ya sha rantsuwa ko shugaban ƙasa ba zai ba. Ta jira ƙarar usur, wallahi har so take ta ji ta. Ya juya katin. Sannan ya faɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya ma maimaita.

"Mun gode. Za ka ga sauƙi a wata mai zuwa."

Ta kai yatsa za ta kashe.

"Tsaya mana," in ji tsohon. "Abin da ya rage a katin ba yawa, amma zai biya haya. Ki cire ƙyallen nan daga bakinki, Noreen, ni na koya miki magana. Ran Lahadi ki kawo min jikata, na yi miya."