Mabiyiyar Jikan Inna Laraba

Caraf Inna Laraba ta cafke hannun nas Precious a bakin ɗakin haihuwa. Tun ɗazu ba ta yarda da 'yar kular da nas ɗin ta rungume ba.

"Ina za ki da mabiyiyar jikana? Mu a Beji binnewa muke, ba ma ba matsafa!"

"Mama, gwaji ne. Jinin uwa kan aika wa jariri saƙo tun yana ciki, ya gina masa garkuwar jiki. Shi za a duba."

"Ƙarya kike! Wa ya ba ki izini?"

Daga kan gado 'yarta Rukayat ta amsa a raunane. "Ni ce, Inna. Biyu kika binne mini yadda ya dace, kuma jariran duk suka bi su cikin ƙasa. Wannan ki bari a duba."